Don Allah ku taimaka, muryar alto ta ƙi zama a kaina

Saratu: Salama gare ku 'yan'uwa. Kwayar cocinmu a nan Jos za ta rera wani sashe na Messiah, doguwar waƙar da Bature mai tsara kiɗa Handel ya rubuta, ranar Kirsimeti, saura mako biyar. Shekara tara ina soprano, wato muryar mata ta sama, tun kafin in yi aure. Ko da nake goyon ɗan farina ban taɓa fashin koyon waƙa ba, da shi a baya nake zuwa. Bana mutum biyu suka bar gari, sai malaminmu ya mai da ni alto, muryar mata ta ƙasa, ko shawara bai yi da ni ba. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce "For unto us a child is born", ta Ishaya 9:6. Kalmar "born" kaɗai ana jan ta nota sama da hamsin a guje. Can wajen ƙarshe, inda mu da soprano muke gudun tare, sai in ji bakina ya koma layinsu. Jiya ta kusa da ni sau biyu tana zungurina da gwiwar hannu. Ya zan yi?

Baba Bulus: 'Yata, kina karanta sol-fa, wato rubutun waƙa da do re mi? Ba ki faɗa ba. Na daɗe ina koyar da kwaya, kuma matsalarki ba ta murya ba ce. Handel ya rubuta Messiah a 1741, aka fara rera ta a Dublin a 1742. Wannan waƙar kuwa ya ɗauko ta ne daga wata da ya yi da Italiyanci don mawaƙa biyu kacal, gwanaye, shi ya sa take wahalar da taro. Ki raba gudun huɗu-huɗu. Ki haddace notar farko ta kowane huɗu, sannan ki cike tsakani, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kalmar ma ki ajiye ta tukuna, ki yi da do re mi.

Rifkatu: Yaya Saratu, ki nemi muryar alto zalla a YouTube, ki sa a kunne kina wanke-wanke. Ni haka na iya Halleluya ta cikin Messiah ɗin, ban san sol-fa ko ɗaya ba.

Baba Bulus: Halleluya daban, wannan daban. Da kunne kaɗai kuskure za ta haddace, kuma cire shi ya fi koyon wuya.

Ɗanladi: Ni tambayata, me ya kai mu waƙar Turawa ta shekara kusan 300? A cocinmu wata uku muka yi a kan waƙa ɗaya, ranar da muka rera tsofaffi suna ta hamma. Da aka ɗauko waƙar Hausa kuwa har da guɗa.

Mama Laraba: Ka bari kawai. Mu namu malamin 'yarsa yake ba wa solo duk shekara.

Saratu: Baba na gode, amma ina zan samu lokacin sol-fa, ga aiki ga yara uku? Shekara tara da kunne nake koyo, ba wanda ya taɓa kuka da ni. Rifkatu, na sauke, data ta ƙare, kuma da na shiga cikin mutane sai abin da na koya ya gudu.

Baba Bulus: A ina kike tsayawa?

Saratu: A bakin layi, dab da soprano. Nan na saba, ƙawata ma tana nan.

Baba Bulus: To ai ga shi! Ki koma tsakiyar alto, ki sa mai ƙarfin murya a bayanki. Numfashi kuma kada ku ja tare, ke ki sace a nan, ta gefenki ta sace a can.

Rifkatu: Ko ki roƙi malamin ya mai da ke soprano kawai.

Saratu: Ba zan roƙe shi ba, shi ya cire ni. Tsakiya kuma ba na ganin hannunsa, ni gajeriya ce.

Ɗanladi: Har yanzu dai ba wanda ya amsa tawa.