Fankar silin mai ƙwan fitila: da na rage gudu sai haske ya dusashe

Maman Khadija, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar wuta a taimaka. Makon jiya maigida ya sayo fankar silin mai haɗe da ƙwan fitila a kasuwar Taminus da ke Jos, muka kira wani yaro mai wayarin ya ɗaura ta a falo. Da na rage regileta sai ƙwan ya dusashe yana ta ƙyafta ido, in na kashe fankar kuma ɗakin ya yi duhu ƙirin. Kun dai san sanyin Jos, wa zai kunna fanka da asuba don kawai yana son haske? Yaron ya ce wai haka kamfani ya ƙera ta. Mu mayar ne?

Baban Usman, Dilimi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku mayar, fanka lafiyarta lau, haɗin ne aka yi shi a gurguje. Irin wannan fankar abu biyu ne a jiki ɗaya: injin da fitila. Kowanne da nasa wayar da ke kawo masa wuta, sai su yi tarayya a nutural, wato wayar da wutar ke komawa ta cikinta. To a yawancin gidajenmu waya mai wuta guda ɗaya ce ke hawa silin, kuma ta regileta take bi. Yaronku ya kama wayar fanka da ta ƙwai ya murɗe su a kanta. Aikin regileta kuwa shi ne rage wutar da ke isa ga injin daga ƙarfin bolt 230 ɗin da ke shigowa gida, shi ke nan ƙwan ma aka rage masa abincinsa. Ƙwan LED ba ya jure haka, kwana kaɗan zai mutu.

A jawo wata waya daban daga makunnin bango zuwa fitilar, kada ta bi ta regileta. In akwai fayif a bangon, aikin ba shi da wuya.

Anti Rabi, Farin Gada:
Mu da abin ya same mu mai gidan haya ya hana a taɓa bango, sai aka sa mana rimot. Yana zuwa da ɗan akwatin da ake ɓoyewa a ƙoƙon fankar can sama, shi ke raba wutar biyu. Sai dai yara sun ɓatar da rimot ɗin sau biyu!

Baban Usman, Dilimi:
Haka ne Anti, amma in za a sa rimot a cire regileta gaba ɗaya, ba sa zama tare. Kuma Hajiya, tunda yaron nan ya iya cewa laifin kamfani ne, ki sa a duba ko makunnin a kan waya mai wuta yake. In a kan nutural ya ɗora shi, ko kin kashe akwai wuta a sama, mai canza ƙwai na iya shan shokin. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin kowa ya hau tebur, a kuma gwada da tasta, wato abin gwada ko akwai wuta a waya.

Abba Ɗan Gangare:
Malam tawa kuma sai na tura ta da sanda take tashi.

Baban Usman, Dilimi:
Kafasita ce ta gaji, Abba, ita ke ba injin turin farko. Cire tsohuwar ka tafi da ita kasuwa, lambar na jikinta, galibi 2.5. Ka daina barinta tana gurnani a tsaye, koyil zai ƙone.

Maman Khadija, Rikkos:
Allah Ya saka da alheri, Baban Usman. Na tura wa maigida, ya ce gobe zai kira wani mai wayarin, ba wancan yaron ba.