Dasashina yana jini, likita ya ce wai garkuwar jikina ce ke cin ƙashin

Ɗan Wunti:
Salam jama'a. Wata uku kenan in na goge baki da safe sai na ga jini a buroshi, dasashin ya kumbura ya yi ja, yanzu har wani haƙori na ƙasa ya fara motsi. Na je wajen likitan haƙori nan Bauchi ya ce sai an yi min wankin haƙori, to abin da ya ɗaure min kai ya ce wai ba ƙwayoyin cutar ne ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin ba, garkuwar jikina ce. Ni kam ban gane ba, ya garkuwa za ta ci mai ita?

Ɗalibar Nas:
Wa alaikassalam yayana, gaskiya ya faɗa maka. Wannan dattin da ke maƙale a gindin haƙori bakteriya ne cike a ciki, da jiki ya ji su sai ya turo fararen ƙwayoyin jini, na farkon zuwa su ne nutrofil, sai makrofej su biyo baya, su ke sako sinadaran da ke kawo kumburin da jan da kake gani. Su makrofej ɗin nan aiki biyu gare su, su hura wutar faɗa, in an gama kuma su kashe ta su kwashe gawarwakin nutrofil a fara gyara. Matsalar in dattin ya daskare ya zama kamar dutse buroshi ba ya cire shi, faɗan ba ya ƙarewa, sai a yi ta sako wani sinadari RANKL wanda ke tada ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi. Shi ne haƙorin ke girgiɗi. A 1965 an gwada a Denmark, mutane suka daina goge baki, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashi ya kumbura, da suka koma gogewa ya warke. Amma fa in ƙashi ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Maman Biyu:
Ɗana ka dinga kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, da asuwaki. Ni da cikin 'yan biyu haka na yi ta jini, bayan na haihu ya lafa.

Baban Gombe:
Gishiri yana rage raɗaɗi Hajiya amma ba ya cire dutsen. Malam ka auna suga, ciwon suga na ƙara rura wannan kumburin, shi ma kumburin yana hana suga sauka. In kana shan taba kuma ta fi muni, tana ɓoye jinin, ciwon kuma na ci ta ƙasa.

Ɗan Wunti:
Na gode. Taba kam ba na sha, amma suga akwai a gidanmu, babana na da shi. Wankin haƙorin nan da zafi ne?