Octopus ne na farko a duniya ko Upass? Rigimar jimla ɗaya a Wikipedia

Sani: Slm jama'a. Don Allah wa ya goge min jimlar da na sa a muƙalar katin Octopus na Hong Kong? Jiya har ƙarfe ɗayan dare ina kan gabatarwar nan, na rubuta "Octopus shi ne kati na farko a duniya da ake biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa da shi ta hanyar taɓa na'ura kawai", da safe na leƙa tarihin gyara sai na ga an share ta fes, ko a shafin tattaunawa ba a ce min uffan ba. Haba.

Anti Rabi: Wslm. Ni ce, Sani, kuma na bar dalili a akwatin taƙaita gyara, kai ne dai ba ka karanta ba. An ƙaddamar da Octopus ranar 1 ga Satumba 1997. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuwa tun 1996 suke da Upass a bas ɗinsu, shi ma taɓawa ake yi a wuce. To wanda ya zo 1997 ta yaya zai riga na 1996?

Sani: Anti da girmanki wlh, amma Upass ai katin bas ne kawai lokacin da ya fito. Octopus fa kamfanoni biyar ne suka haɗu a 1994 suka kafa kamfanin Creative Star mai kula da katin, akwai MTR da KCRC na jirgin ƙasa, akwai KMB da Citybus na bas, ga kuma kamfanin jirgin fito na Yaumati, kati ɗaya ka hau wannan ka sauka ka hau wancan, wannan ne abin da nake nufi da na farko. Ba wai na ce su suka ƙirƙiro taɓa kati ba.

Anti Rabi: To abin da kake nufi daban, abin da ka rubuta daban. Mai karatu ba ya cikin kanka. Shi dai zai ga "na farko a duniya" ya kwafa ya kai makaranta ko ya watsa a Facebook, gobe wani ya sake kwafowa daga can ya dawo mana da ita a matsayin madogara.

Auwal: Hhhh Sani ya sha kaye tun zagayen farko 😂

Sani: Auwal kai da gyaranka duka bai wuce saka waƙafi ba, zauna gefe.

Alhaji Musa: Ku bari in sa baki, don ni na riƙe katin nan da hannuna, ba labari aka ba ni ba. Zuwana na farko na tsaya a bakin ƙofar shiga tashar jirgi ina neman ramin da zan zura kati, mutane na ta wuce ni kamar ruwa, sai na lura wata tsohuwa ko ciro katin ba ta yi ba, jakarta kawai ta ɗora a kan na'urar, ta yi ƙara "duut" ƙofa ta buɗe. Da katin na sayi ruwa a kantin 7-Eleven, da shi na hau jirgin fito, kuma ranar da kuɗina suka gaza bai kunyata ni ba, ya bar ni na wuce ya rubuta min bashi saboda akwai ajiyar dala 50 ta Hong Kong da ake karɓa lokacin sayen katin. Mutanen can duk wanda ka tambaya zai ce maka su ne suka fara. Ni dai ina bayan Sani.

Anti Rabi: Alhaji Allah ya ƙara arziki, labarin ya yi daɗi, amma ba zai shiga muƙala ba. Abin da mutum ya gani da idonsa ko ya ji a bakin direba binciken kai ne, ƙa'idar Wikipedia ta hana. Kuma duk garin da ka je za su ce su ne farko, je ka Landan ka ji yadda ake kuranta katinsu na Oyster alhali sai 2003 ya fito, shekara shida bayan Octopus.

Alhaji Musa: Wato ni da na je na gani maganata ba hujja ba ce, amma ɗan jaridar da ko filin jirginsu bai taɓa sauka ba in ya rubuta ya zama hujja? Wannan ƙa'ida taku akwai gyara Hajiya.

Malam Bala: Alhaji ba wai ana ƙaryata ka ba ne. Matsalar ita ce mai karatu ba shi da hanyar da zai tabbatar ka je ɗin, amma jarida ko littafi zai iya buɗewa ya gani, in ƙarya ce a kama ta. Shi ke nan hikimar. Sannan ni a ganina ku duka kuna faɗa ne a kan kalma ɗaya da ba a fayyace ta ba. Na farko a me? In kati ne na biyan kuɗin mota da aka riga aka loda masa kuɗi, ita kanta Hong Kong tana da tikitin maganaɗisu irin wanda ake zurawa a na'ura tun shekarun 1980, Octopus maye gurbinsa ya yi. In na taɓawa ne a babban birni, Seoul ta riga. In kuwa wanda ya haɗa jirgi da bas da fito kuma ya shiga kantuna har ya zama kamar kuɗin aljihu ne, to nan Octopus yana da magana mai ƙarfi, sai dai dole a samo wanda ya faɗi hakan a rubuce, ba mu za mu zauna mu yanke hukunci da kanmu ba.

Sani: Malam ai ina da madogara, shafin kamfanin da kansa yana yabon katin a matsayin jagora a duniya.

Malam Bala: Mai kaya ai ba ya kushe kayansa ɗana. Shafin kamfani ya isa hujja a kan kuɗin ajiya ko ranar da suka canza suna daga Creative Star zuwa Octopus Cards Limited a 2002, amma a kan waye gwani ko waye na farko, sai an nemo na waje.

Zainab: Ni fa abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne. Kun tsaya kan na farko na farko, alhali muƙalar ba ta faɗi abin da ya sa katin ya karɓu da sauri haka ba. Cikin wata uku aka raba kati miliyan 3. Dalili biyu ne, kamfanonin jirgi sun sa wa tsohon tikitin wa'adi dole kowa ya canza, sannan a shekarar ne Birtaniya ta miƙa Hong Kong ga Sin ranar 1 ga Yuli, mutane suka riƙa ɓoye tsabar kuɗi masu kan Sarauniya suna zaton za su yi daraja nan gaba, sai canji ya yi wuya, bas kuma ba ya ba da canji. Wannan ya fi "na farko a duniya" amfani sau goma ga mai karatu kuma ba wanda zai yi musu a kai.

Auwal: Ikon Allah, wato ɓoye sulalla ne ya tallata kati. Ni wannan ban taɓa ji ba gsky.

Zainab: Kuma Sani ka rubuta fasahar ta Hong Kong ce, ba haka ba ne, FeliCa ce ta kamfanin Sony na Japan. Abin mamakin ma shi ne su Japan ɗin sai Nuwamba 2001 suka fito da Suica a jiragen JR East, wato an yi amfani da fasaharsu a waje kafin gida. Upass kuma wata fasahar ce daban mai suna MIFARE yake amfani da ita, ba iri ɗaya ba ne.

Sani: Wannan na karɓa, kuskure na ne, zan gyara. Amma jimlata ban janye ba. In muka cire duk wata kalmar yabo muƙala za ta koma kamar takardar asibiti, ba wanda zai karanta.

Anti Rabi: Gara takardar asibiti da tallan magani. Kuma tunda kana son abin da zai ja mai karatu, me ya sa ka tsallake badaƙalar 2010? Kamfanin Octopus ya amsa cewa ya sayar da bayanan masu kati ya samu dala miliyan 44 ta Hong Kong, shugabar kamfanin Prudence Chan ta ajiye aiki a kan haka. Ka rubuta sakin layi huɗu na yabo, wannan ko layi ɗaya babu.

Sani: Ban ɓoye ba Anti, ban kai wurin ba ne. Amma a gabatarwa ba zan yarda a sa shi ba, kati ya yi shekara kusan talatin yana aiki sai a buɗe muƙala da abin kunya na shekara ɗaya?

Anti Rabi: Ban ce a buɗe da shi ba, jimla ɗaya a ƙarshen gabatarwa, cikakken bayani a ƙasa.

Auwal: Ni tambayata daban. Wa ya fassara sunan katin da "kati mai wayo"? Wayon me ya yi, ya cuci wa? 😂 Ku sa "kati mai ƙwaƙwalwa" mana. Sannan octopus ɗin ku yi bayani dabbar teku ce mai hannu takwas, don sunan katin a Kantonis, yaren mutanen Hong Kong, shi ma da takwas ya fara, yana nufin ya kai ko'ina.

Malam Bala: Yau dai Auwal ya yi magana mai amfani. To ga shawarata a kan jimlar: "An ƙaddamar da Octopus a Satumba 1997, shekara guda bayan katin Upass na bas ɗin Seoul, kuma yana cikin katunan taɓawa na farko da suka haɗa jirgin ƙasa da bas da jirgin fito." A sa madogara a kan kowane rabi. Kuma don Allah a daina mayar da gyaran juna, na ga tun safe an yi sau biyu, kar a kai inda mai gudanarwa zai kulle shafin.

Sani: "Yana cikin na farko" ai maganar mai tsoro ce Malam. Amma to, na bari haka zuwa Juma'a, in na samo littafi ko mujallar sufuri da ta ce shi ne farkon wanda ya haɗa su duka, zan dawo da tawa kuma Anti ba za ta taɓa ba.

Anti Rabi: In ka samo ni da kaina zan saka maka. Amma ba shafin kamfani ba, ba kuma shafin da ya kwafa daga Wikipedia ba, zan duba ranar da aka wallafa shi.

Alhaji Musa: Ni katin nawa yana nan cikin durowa har yanzu. In na ɗauki hotonsa na ɗora a muƙalar shi ma binciken kai ne?

Zainab: Hoto ana so Alhaji, sai dai tambarin da ke jikin katin na kamfani ne, Commons, wato ma'ajiyar hotunan Wikipedia, za su iya gogewa saboda haƙƙin mallaka. Hoton na'urar a tasha kana da shi?

Alhaji Musa: Bari in duba tsohuwar wayata.