Noma mai ɗorewa, noman oganik da noma mai dacewa da muhalli: duk abu ɗaya ne?

Hadiza M.

Assalamu alaikum. Ina shirya ɗan littafin koyarwa domin manoma, kuma akwai kalmomi uku da nake yawan cin karo da su: noma mai ɗorewa, noman oganik, da noma mai dacewa da tsarin muhalli. Wasu marubutan suna amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya ce, wasu kuma suna raba su ba tare da sun faɗi inda bambancin yake ba. Abin da ya dame ni shi ne, manomi zai ɗauki abin da ya karanta ya tafi da shi gona, kuma idan kalma ta ruɗe shi, damina guda ce ya yi asara. Ina roƙon malaman gona da ke nan su warware mini.

Malam Bashir

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ba abu ɗaya ba ne, kodayake sukan haɗu a gona ɗaya.

Noma mai ɗorewa manufa ce, ba wata hanya takamaimai ba. Tunanin ya yi ƙarfi ne bayan rahoton da kwamitin Brundtland ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, wanda ya kafa ma'anar cewa a biya bukatun mutanen yau ba tare da an tauye waɗanda za su zo daga baya ba. Saboda haka manomin da yake zuba takin zamani daidai gwargwado, yana kare ƙasarsa daga zaizaya, yana kuma samun abin da zai riƙe iyalinsa, ya shiga cikin wannan ma'ana.

Noman oganik kuwa tsarin dokoki ne. An hana takin zamani da magungunan ƙwari da na ciyawa waɗanda aka harhaɗa a masana'anta, da kuma irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, sannan akwai masu bincike da ke ba da takardar shaida. Ƙungiyar masu noman oganik ta duniya, IFOAM, wadda aka kafa a 1972, ita ce ta fi fice wajen tsara ƙa'idojinsa. Ba a shiga cikinsa dare ɗaya: a Amurka sai gona ta yi shekara 3 ba a zuba mata haramtattun sinadarai ba, a Tarayyar Turai kuma shekara 2 kafin shuka ga amfanin da ake girbewa duk shekara.

Na ukun, noma mai dacewa da tsarin muhalli, ya fi faɗi. Yana kallon gona a matsayin wuri da ƙasa, tsirrai, dabbobi, ƙwari da mutum suke dogaro da juna, kuma ana neman kowanne ya yi wa ɗan'uwansa aiki domin a rage saye daga waje. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da ginshiƙansa 10 a 2018, har da ilimin manoma da adalci a kasuwa.

Isiyaku D.

Bayanin Malam Bashir ya gamsar, amma a ganina, Malama, ƙananan kalmomin aiki ne suka fi bukatar kulawarki, domin su ne manomi zai aiwatar da hannunsa.

Ɗauki kalmar taki. Takin dabbobi daban, takin da aka ruɓar daban, koren taki kuma daban. Na biyun shi ne a tara kara, ganye, ciyawa da kashin dabbobi hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Idan aikin yana tafiya, wanda ya cusa hannu cikin tarin zai ji zafi sosai, kuma wannan zafin ne yake kashe yawancin irin ciyawa da cututtuka. In ya nuna sai ya yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi ya bar ƙamshin ƙasa. Wanda aka gaya wa "taki" kawai yana iya kwasar ɗanyen kashin kaji ya zuba a gindin shuka, ya ƙone ta.

Koren taki shi ne a shuka dangin wake, a binne su cikin ƙasa tun suna ɗanye. Idan kika tuge wake kika duba saiwarsa, za ki ga ƙananan ƙulle-ƙulle, in kika fasa ɗaya ya nuna ja-ja a ciki, to ƙwayoyin halittar da ke zaune a nan suna kama naitirojin, sinadarin da shuka ke bukata domin girma, daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Wannan ne ma dalilin da ya sa juya shuka, wato hatsi bana wake baɗi, yake gyara gona. Kada a haɗa shi da gauraya shuka, inda ake sa iri biyu ko fiye a gona ɗaya a damina ɗaya.

Hajiya Rabi

Ina so in ƙara abu ɗaya da nake ganin yana da haɗari. Akwai tsarin da ake kira noman kiyaye ƙasa, mai sharuɗɗa uku: a rage tayar da ƙasa, a bar aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskarta a rufe da kara ko ganye, a kuma riƙa sauya amfanin gona. Wasu suna rubuta sharaɗin farko da "rashin noma", alhali a bakin manomi noma yana nufin cire ciyawa da fartanya. Wanda ya karanta haka zai ɗauka an ce ya bar ciyawa ta cinye masa shuka. Abin da ya dace a rubuta shi ne shuka ba tare da huɗa ba. A kuma faɗi gaskiya cewa da yawa daga masu bin wannan tsari suna feshin maganin ciyawa, don haka ba oganik ba ne, kuma karan da ake so a bari a gona shi ne dai wanda dabbobi suke bukata da rani.

Malam Bashir

Gaskiya ne, Hajiya. Haka ma batun ƙwari yake. Tsarin da ake kira yaƙi da ƙwari ta hanyoyi da dama bai hana feshi ba, ya dai mayar da shi matakin ƙarshe, bayan an duba gona an ga ɓarnar ta kai yadda kuɗin magani zai biya kansa. Misali mai kyau shi ne dabarar kora da jawowa da cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE ta samar a Kenya: ana shuka desmodiyam, wani tsiro dangin wake, tsakanin layukan masara, ƙamshinsa yana korar malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar kara, ciyawar nafiya, wata doguwar ciyawar dabbobi da aka kewaye gonar da ita, kuma tana jawo shi ya yi ƙwai a kanta, sannan saiwar desmodiyam tana danne wuta-wuta. Shawarata, Malama, ita ce a ƙarƙashin kowace kalma ki rubuta abin da ake yi, lokacin da ake yinsa, da abin da zai ci na ƙarfi ko na kuɗi.