Kwandalar Sarauniya ta 1977: azurfa ce ko farin ƙarfe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawara. Muna kwashe kayan marigayi Baba sai muka tarar da wata babbar kwandala a cikin adakarsa naɗe da ƙyalle, gefe ɗaya Sarauniyar Ingila ce a kan doki an rubuta 1977, ɗaya gefen kuma wani abu kamar tsuntsu da cokali. Yayana ya dage azurfa ce tunda ta bikin Silver Jubilee ce, kuma mun sa mata maganaɗisu bai kama ba. Ta yaya zan tabbatar?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kar sunan ya ruɗe ku, Silver Jubilee ɗin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan karaga ake nufi, ba ƙarfen ba. Iri biyu aka buga, ta gama-gari wadda aka yi miliyoyinta da farin ƙarfe, wato haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25, sai kuma ta azurfa 925 (wato azurfa kashi 92.5) da aka saida a ɗan akwati da takardarta. Tun 1947 Ingila ta daina sa azurfa a tsabar kuɗin da ake kashewa.

Garba Mai Agogo: Maganar maganaɗisu kuma ba hujja bace, duka biyun ba ya kama su. Ki sake ta a hankali kan tebur ki saurara, azurfa amonta siriri ne kuma yana jan lokaci kafin ya mutu

Abu Sadiq: Malam Garba amon yana taimakawa amma sai kunnen da ya saba, kuma in ta azurfar ce jefarwa na iya yi mata tabo a baki darajarta ta ragu.

Maman Ilham: To in kai a auna min ita a sikelin masu gwal mana?

Injiniya Bala: Hajiya nan ne mutane da yawa suke faɗawa, nauyinsu ɗaya ne, giram 28.28 duka biyun, faɗin ma ɗaya. Abin da ya raba su kauri ne, domin in girmansu ɗaya azurfa ta fi wancan haɗin nauyi saboda haka ta azurfar ta ɗan fi siranta. Ga yadda nake yi kuma bai taɓa bani kunya ba. Ki samu ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ki ɗora kofin ruwa a kai ki maida shi sifiri, sai ki ɗaure kwandalar da zaren ɗinki ki zura ta cikin ruwan ta nutse gaba ɗaya amma tana reto, kar ta taɓa gindin kofin ko gefensa, ki riƙe hannunki cak har lambar ta tsaya. In kika ga wajen giram 2.7 azurfa ce, in ya kai 3.1 zuwa 3.2 farin ƙarfe ne. Ki maimaita sau uku don wani lokaci kumfar iska na maƙalewa a jikinta ta ɓata lissafin, bayan nan ki tsane ta da tattausan ƙyalle ba tare da gogawa ba.

Ummu Khairat: Mu dai a gidanmu da toka da lemon tsami ake wanke azurfa, in ta yi fes ai za a gane

Injiniya Bala: A'a dan Allah Hajiya kar a yi haka wlh. Masu tara irin waɗannan sun fi son su da dattinsu na asali, da zarar an dirje ta ta yi zane-zane shikenan an kashe mata kasuwa. Haka ruwan gwajin nan na asid, tabo yake bari wanda baya fita. Ni da kaina wani ya ɗiga min shi a kan tawa kafin in buɗe baki, har yau in na kalli wurin raina na ɓaci.

Garba Mai Agogo: Gsky ne. Kuma ƙyalli kaɗai ba shaida bane, akwai ta farin ƙarfen da aka buga mai sheƙi kamar madubi. Kakanmu maƙerin fari ne, riyal ɗin nan mai hoton Mariya Tareza da 1780 a jiki shi suke narkawa su yi awarwaro da zobe saboda azurfarsa ta haura kashi 83, kuma shi ma yanzu jabunsa sun cika gari. Duk mai irinsa ya auna, giram 28 da ɗan ɗoriya ne.

Abu Sadiq: In kina son yanke shakka gaba ɗaya, wasu manyan dillalan gwal na da na'urar da ake haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an kankare komai ba. Amma ki tafi da Yayanki, kuma ki faɗa musu tun farko gwaji kika zo ba saidawa ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na sake duba adakar babu akwati babu takarda, ƙyallen ne kawai. Maƙwabciyata na da ƙaramin sikelin da take auna turare, zan aro gobe in gwada na ruwan in sha Allah. Ko me ta zama dai ba saidawa za mu yi ba, Inna ta ce Baba da hannunsa ya naɗe ta.