Wa ya taɓa sayen faifai kai tsaye daga hannun ƙananan makaɗa? Yaya ya iso?

Garba_Fagge: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Akwai wasu samari huɗu a Sifen masu kiɗan saikedelik, irin jitar nan mai gurnani da amsa-kuwwa, wadda waƙa ɗaya kan ci minti goma sha biyar ba a ce uffan ba. Ba su da kamfani, da kuɗinsu suka buga faifai 300 suka saka a Bandcamp, shafin intanet da makaɗa ke sayar da kiɗansu. Faifan yuro 22 ne, amma kuɗin aikowa Kano ya fi kuɗin faifan. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini yadda ya ƙare, kafin in zuba kuɗina a rijiya.

Tela_Tudunwada: Wa alaikumus salam, Malam Garba. Ni na gwada sau uku. Kuskurena na farko shi ne na yi oda a watan Maris. Kayan suka iso tsakiyar Afrilu, bayan sun sha kwana a cikin mota da ɗakin ajiya mai rufin kwano. Da na buɗe, faifan ya lanƙwashe kamar malfa, allurar garmaho tana hawa tana sauka sai ka ce jirgin ruwa. Maiɗakina ta ce tunda sunansa faifai, in ba ta ta rufe ƙwarya da shi. Na danne shi tsakanin gilashi biyu da littattafai har wata guda, ya ɗan miƙe, amma waƙar farko ta tafi ke nan.

Sauran biyun da hunturu na yi odarsu, kuma lafiya lau suka zo. Ka rubuta musu su fitar da faifan daga cikin bangonsa su ajiye a gefe kafin su naɗe, don kada girgizar hanya ta sa ya yage bangon. Masu tara faifai duk haka suke roƙa, ba za su yi mamaki ba.

Hadiza_Damagaram: Yayyena, ni labarina a juye yake. Wajen 2010 yayana direba ya dawo daga Agadas da memori cike da kiɗan jitar Buzaye, ba sunan mawaƙi ba komai, sai lambobi. Akwai wata murya da aka sa mata na'urar gyaran murya kamar a waƙoƙin finafinan Hausa, muka yi ta turawa juna ta bulutut. Sai bayan shekaru na gane Mdou Moctar ne, bahagon makaɗin jitar nan na Nijar, kuma a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin a 2008. Shi ya sa suke da ƙamshin sutudiyon Hausa.

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na wayoyin salula ya fitar da su a faifai a 2011 ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds da ke Portland, ya kuma bi sawun masu su don su sami rabonsu. Zuwa 2019 Mdou ya ɗauki kundi a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, Turawa suka riƙa jera shi da masu saikedelik. To ni ranar da na ga farashin faifan da kuɗin aikowa, na lissafa da sefa, sai dariya ta kama ni. Abin da mai turi kan saka wa mutum a waya kan dala ashirin, wato sefa ɗari, ya je Amurka ya sa riga ya dawo yana neman jika ashirin da wani abu. Na saya duk da haka, amma na saukewa a waya kawai. Mu mun sha kiɗan a bikin aure kyauta, lokaci ya yi da za mu biya ko kaɗan ne.

Ɗan_Zango_Kumasi: Kaset, Malam Garba, kaset. Ba ya da nauyi, a ambulan ake sa shi. Na sayi na wata baiwar Allah a Finlan mai asid fok, wato jita marar wuta da sarewa da muryoyi a kan juna kamar ana waƙa cikin barci. Guda 50 kacal ta yi, nawa ne na 41, ta rubuta da biro. Ta haɗo da wasiƙa tana cewa ba ta taɓa aika kaya Afirka ba. Tsohuwata ta ji shi da daddare ta ce in kashe, wannan kiɗan 'yan ruwa ne.

Baba_Sabongari: Ku yara kuna maganar shigo da faifai, ni nadamar fitar da shi nake yi. Bayan yaƙin basasa, yaran Kudu sun kama kiɗan saikedelik da hannu biyu. 'Yan ƙungiyar Ofege 'yan makarantar St. Gregory ne a Legas lokacin da faifansu na farko ya fito a 1973. Ga BLO, ga Funkees da suka koma Landan. A shagunan Sabon Gari muke saye, muna makarantar sakandare. Na tara kwali biyu. Da kaset ya shigo, garmaho ta mutu, kwalayen suka koma bayan ɗaki, gara ta ci bangon wasu.

Wani yaro ya zo yana yawon sayen tsofaffin faifai, na ba shi duka a kuɗin da bai kai buhun masara ba, har ina yi masa godiya ya rage mini shirgi. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin irin wannan kiɗa, sai ɗana ya nuna mini a intanet nawa ake sayar da na asalin. Ban ci tuwon dare ba. Ba na zargin yaron, kasuwa ce, ni ne ban san abin da ke hannuna ba.

Ummi_Peckham: Allah ya mayar da alheri, Baba. Malam Garba, ka tambaye su ko za su aiko adireshina a Landan, zan zo Kano da ƙaramar salla. A jakar hannu nake ɗauko faifai, a tsaye, tsakanin kwali biyu. Kuma in ba sauri kake ba, ka jira ranar Bandcamp Friday, wadda aka fara a Maris 2020 lokacin korona: ranar kamfanin ba ya cire kasonsa. Sai dai 300 ba yawa, suna iya ƙarewa kana jira. Haka ta same ni da faifan ƙungiyar Kikagaku Moyo ta Tokyo kafin su watse a 2022.

Garba_Fagge: Na gode ƙwarai, Hajiya Ummi, na tura musu saƙo kuma sun amsa, saura 37. Katina ne ya ƙi wucewa sau biyu, zan gwada na ƙanena gobe. Baba, cikin kwalayen nan ba ko ɗaya da ya tsira?

Baba_Sabongari: Ɗaya. Ya faɗa bayan kabad, sai bara muka gan shi da za a yi fenti. Allura nake nema yanzu, in akwai wanda ya san inda ake samu.