Baƙo daga Damagaram zai zo kallon wasan mawaƙa a Kano: ya za mu tsara daren?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Abokina zai zo yawon Sallah daga Damagaram, ina so in kai shi wasan mawaƙa a wani babban ɗakin taro. An rubuta ƙarfe huɗu na yamma. Tikitin gama-gari zan saya ko tebur? Yaushe za mu je, kuma ya maganar komawa gida?

Mai Sauti: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in waƙa kuka je ji, ku bar teburin gaba. Daf da manyan lasifika ake jera shi, waɗanda ke dukan ƙirji, sai dum-dum ɗin ya cinye kalangu da muryar mawaƙi. Ka duba inda mai haɗa sauti ya kafa na'urarsa, galibi tsakiyar zaure ko ɗan baya. Daga nan yake daidaita komai da kunnensa, saboda haka duk zauren babu inda ya fi nan daɗin ji. Kada ku jingina da bangon baya, can amsa-kuwwa ke taruwa.

Ƙarar irin wannan wasa takan kai desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). A ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata, kunne na jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin uku lokacin ya ragu da rabi. A 100 ke nan minti 15 kacal. Ku sayi sosan toshe kunne. A murza shi ya zama siriri, a ja kunnen sama da ɗaya hannun, a cusa, a danne kamar sakan 30 har ya kumbura. Auduga ba ta tare komai. Sannan ka tambaya ko da makaɗa za a yi. Da yawa DJ ne ke sakin waƙa mawaƙi yana bi, wanda a ganina bai kai a biya masa kuɗin tebur ba.

Hajiya Mai Taro: Malam Mai Sauti, ka manta baƙo ne fa. Ba a kai baƙo a bar shi tsaye awa biyar ana ture shi. Ɗana, ka karɓi tebur, amma na layi na uku ko na huɗu, ta tsakiya.

Ƙarfe huɗun nan lokacin buɗe ƙofa ne. Ƙananan mawaƙa za su yi nasu, a yi gaishe-gaishen manyan baƙi, a tashi sallah, babban mawaƙi ba ya hawa sai bayan isha'i. Mai tebur ya je bayan magariba, cikinsa a cike. Tikiti kuwa, ta shafin mawaƙin ko ofishin masu shiryawa kaɗai, ban da yaran bakin ƙofa. Ka ɗauki hotonsa tun daga gida, don idan jama'a suka taru sabis yakan tsaya, tiransifa da POS su ƙi tafiya. Riƙe tsabar kuɗi. Ka kuma tabbatar sun sami izinin hukuma. A Kano Hukumar Tace Finafinai ko Hisbah na iya tsayar da taro, kuma dawo da kuɗin tikiti ba abu ne mai sauƙi ba.

Baban Sadik Direba: Komawa ce matsalar. An hana acaɓa a Kano tun 2013, a 2022 kuma gwamnati ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ku shirya mota tun da rana. In taku ce, a ajiye ta nesa da ƙofa, hancinta na kallon titi, in ba haka ba masu zuwa a makare za su toshe ku. Ko ku fita kafin waƙar ƙarshe, ko ku zauna minti 20 turmutsutsu ya wuce. A wannan turereniyar ake zare waya, a sa ta aljihun gaban wando, ba na gefen riga ba.

Sefarsa ya canja a kasuwar 'yan canji ta Wapa da rana. Ka kuma gaya masa liƙin naira laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007: ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu. In zai yi kyauta, ya sa a ambulan ya miƙa.

Ɗan Gwammaja: Na gode, Allah ya saka. To in muka rabu a ciki fa? Layinsa na Nijar ne.

Baban Sadik Direba: Ka ara masa ƙaramar waya da layinka na biyu. Kira ba ya jiyuwa a ciki, ku yi tes. Kafin ku shiga ku tsayar da wurin haɗuwa a waje, kamar gidan mai ko masallaci, ya kuma riƙe katin shaidarsa da adireshin gidanku a takarda.